Bindigar da Obiageli Ta Yi Wa Gadi

Obiageli Anozie shekararta hamsin da takwas. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun bar gida, tana da shagon atamfa a Kantin Kwari da gidan kanta a Sabon Gari. A kasuwa ba mai kiran ta da sunan yanka. 'Yar Reluwe ake ce mata, saboda mahaifinta shi ne mai zuba gawayi a kan jirgin ƙasa, kuma a gidajen ma'aikata na kusa da tasha aka haife ta.

Sau ɗaya ta taɓa barin Kano da sunan ƙaura, lokacin tashin hankalin da ya kai ga yaƙin basasa. A cikin jirgin da mahaifinta ke wa aiki suka gudu, tana rungume da ɗanta na fari, Chukwuma. Ana gama yaƙi ta dawo ita da mijinta Augustine, mai gyaran keken ɗinki. Da gyaran keke da atamfa suka gina gidan da take ciki: ɗakuna suna kallon juna, da wani dogon baranda a tsakiya wanda aka rufe da kwano. Ta riƙe ɗaki biyu, sauran ta zuba 'yan haya, duk Kiristoci. Wadda ta fi daɗewa cikinsu ita ce Malama Biriskila, 'yar ƙasar Zariya, mai koyarwa a firamare.

Maƙwabcinta a Kwari Alhaji Modu ne, Babarbare mai sayar da shadda. Tsohon soja ne, ya kuma yi yaƙin nan, a ɗaya ɓangaren. Ba sa tayar da zancen. Abin da ke tsakaninsu shi ne duk ranar Juma'a idan zai tafi masallaci ba ya rufe shago. Yakan ce, "'Yar Reluwe, ga amana," ita kuma ta jawo kujerarta ta zauna a tsakanin ƙofofin biyu.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ɓarayi suka matsa wa layinsu. Ba ɓarayin dare ba ne. Sun karanci unguwar sarai: ranar Lahadi da hantsi gidajen Sabon Gari fayau suke, kowa ya tafi coci, daga kare sai kaji. Wata Lahadi Obiageli ta dawo daga sujada ta tarar an ɓalle kwaɗo. An ɗauki talabijin da rediyo, an kuma ɗauki keken ɗinkin da Augustine ya bari, wanda ba ya ko ɗinki, ajiye shi kawai ta yi.

Labari ya kai wa Chukwuma a Enugu, inda yake sayar da kayan gini. Ya aiko direban babbar mota ya ce mata ta je shagon waya ta jira kiransa. Da Hausa suka yi maganar, domin in ransu ya ɓaci ita ce ta fi zama a bakinsu.

"Mama, na gyara miki ɗaki. Ki sayar da gidan nan ki taho."

"In taho in yi me? In zauna ina ƙirga motoci?"

"Ki huta. Yau keke suka ɗauka, gobe ke za su tarar."

"A nan aka binne ubanka. A nan aka yanke cibiyata."

"To in ba za ki taho ba, sai an ajiye bindiga a gidan. Ni zan biya. In kin ƙi wannan ma, da kaina zan zo da mota in kwashe ki, ko kina kuka."

Ta san ɗanta, halin ubansa ya ɗauko, in ya faɗa sai ya aikata. Ta ce ta ji. Sharaɗin ke nan da aka ƙulla a shagon waya, mai shagon yana kallon agogo: muddin akwai bindiga a gidan, za a bar ta ta zauna a Kano.

Neman lasisi ya ci watanni. Ta yi ta zirga-zirga ofishin 'yan sanda, aka ɗauki hotonta, aka dangwala yatsunta, aka zo aka duba inda za ta ajiye. Da takarda ta fito, sai ta roƙi Alhaji Modu ya raka ta wajen dillalin da hukuma ta yarje wa.

Modu ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Ke da ko kaza sai an yanka miki?"

"Ai shi ya sa na nemi soja. Ko ka manta aikin, sai auna yadi?"

Dillalin ya shimfiɗa musu iri uku a kan tebur. Akwai mai baki ɗaya, akwai mai baki biyu, akwai kuma wadda ake zuge katakonta gaba da baya, mai cin harsashi da yawa. Wannan ta ƙarshen ita Chukwuma ya ce a saya, don ita ya ga 'yan sintirin kasuwarsu suna riƙewa. Obiageli ta ɗaga ta, ta yi mata nauyi, ta ajiye. Ta ɗauki mai baki biyu ta jinjina, ta shafa katakon da bayan hannu, ta kai shi hanci ta shinshina kamar yadda take wa atamfa in tana shakkar rininta.

Modu ya ce, "Tambaye shi ko tana zuba in an wanke."

Ba ta kula shi ba. Ta ɗauki mai baki ɗaya. Dillalin ya nuna mata yadda ake karya ta a tsakiya, ta buɗe. Ta ɗaga ta saitin taga ta leƙa, ta hango haske ta cikin bakin.

Ta ce, "Wannan nake so. Abin da zan buɗe in gani da idona babu komai a ciki. Waccan ta Chukwuma, ina zan san abin da ta haɗiye?"

Dillalin ya ce harsashi ɗaya kawai take ci, in an harba sai an sake ɗurawa. Modu ya ce bindigar da mutum ba zai iya ɗagawa ba sanda ce mai tsada, a ba ta wadda ta zaɓa. A nan ne kuma dillalin ya maimaita abin da jami'in lasisi ya riga ya faɗa mata. Lambar da ke jikin bindigar da sunanta aka rubuta. In aka sace ta aka yi fashi da ita, ko aka kashe rai, ƙofarta za a fara ƙwanƙwasawa.

Modu yana da gona a hanyar Gezawa, can ya kai ta gwaji. Ya jingina wani tsohon kwano a jikin tudu, ya nuna mata yadda za ta manna gindin bindigar a kafaɗa, kada ta bar sarari. Ya ce kada ta taɓa nuna bakin ga abin da ba ta yi niyyar hallakawa ba, kada kuma yatsa ya je ga kunama sai ta yanke shawara. Ta harba. Ƙarar ta tayar da tsuntsayen gonar gaba ɗaya, ita kuma ta tsinci kanta zaune a kan kunya. Da suka je duba kwanon, ya zama rariya. Ta daɗe tana kallon yadda ƙwayoyin dalmar suka bazu.

"Alhaji, in na harba wannan a barandana, ai har ƙofar Malama Biriskila zai samu."

"Zai samu. Shi ya sa ake tunani kafin a harba, ba bayan an harba ba."

Kafaɗar ta yi baƙi ta kumbura, kwana da kwanaki da hagu take yanka yadi. Ta sayi akwatin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gado, harsasai kuma ta zuba su a gwangwanin madara ta ɗora kan kabad. Chukwuma ya ce kada a ɓoye zancen, a bari unguwa ta sani, don ɓarawo in ya ji akwai bindiga ba ya zuwa. Ta bi maganarsa. Ta faɗa a bakin famfo, ta faɗa wa mai kayan miya, kafin mako ya zagayo har 'yan acaɓa sun sani.

Lahadin farko bayan zuwan bindigar, Obiageli ta yi shiri kamar kullum. Ta ɗaura ankon ƙungiyar matan coci, ta kafa ɗauri, ta ɗauki jaka. A cocinsu ita ce mai ba da waƙa, sauran mata su amsa. Mutane kan ce Ibon da ke bakinta bai cika nuna ba sai in tana waƙa. Ta sa kwaɗo a ƙofar ɗaki, ta kai bakin ƙofar gida, sai ta tsaya. Irin wannan kwaɗon aka ɓalle wancan karon. Ta tuna lambar da aka rubuta da sunanta. Ta koma ta buɗe ɗaki, ta zauna a bakin gado da ankonta, tana jin ƙararrawar coci daga nesa har aka tashi.

Ranakun aiki ba ta damuwa, domin gidan ba ya rabuwa da matan 'yan haya da masu wanki. Lahadi ce kawai gidan ke zama kango. Haka ta yi Lahadi ta biyu, ta yi ta uku. Matan ƙungiya suka zo duba ta, sun ɗauka ciwo ne. Fada, limamin cocin, ya aiko a tambaya ko wani ya ɓata mata. Aka ba wata waƙar, wadda Obiageli ta ce muryarta kamar ana jan tebur.

Malama Biriskila ce ta fara faɗa mata a fuska. Ta fito za ta tafi nata cocin, ta same ta a baranda tana tsince shinkafa.

"Mama, yau ma gadi?"

"Wane gadi? Ƙafata ce ke ciwo."

"Ƙafar da ke kai ki Kwari kullum? Ni dai na ga ana sayen bindiga ta yi gadin mutum. Ban taɓa ganin an sayo ta an ɗauke ta aikin uwar ɗaki ba. Ki tambaye ta ko tana son shayi."

"Wuce, Malama, kada ki makara. Ki yi mini addu'a."

"Zan yi muku ku biyun."

Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Ta fara tunanin cewa in zaman Kano ya zama zaman ɗaki ranar Lahadi, to an gudu ne ba a tsira ba. Abin da ta ƙi bari a garin, rabinsa yana cikin cocin nan, a bencin da suka saba zama ita da Augustine kusa da taga. In ta mayar da bindigar, Chukwuma zai zo da mota. In ta riƙe ta, ta rasa Lahadinta.

Ana cikin haka, wata Lahadi da hantsi a farkon bazara, tana ɗaki ta ji tsalle ta bayan gida, wajen makewayi. Ta ji na biyu. Ta leƙa ta labule ta ga samari biyu a baranda, ɗaya da ƙarfen ɓalle kwaɗo. Na gaban ya nufi ɗakin wani ɗan haya, sai na bayan ya ja rigarsa.

"Kai, bar wannan. Ɗakin tsohuwar aka ce. Tana ƙarƙashin gado."

Daga baya ta ce abin da ya fi ba ta tsoro ba ƙarfen ba ne, jin da ta yi sun san wurin. Ta jawo akwatin, ta ɗura harsashi kamar yadda aka koya mata. Ta tura ƙofa da ƙafa. Samarin suka daskare, domin ba su zaci akwai kowa ba. Bayansu ƙofar Malama Biriskila ce. Ta san Malama ba ta nan, amma ta kasa nuna bakin bindigar can, ta kuma kasa nuna shi ga yaran, waɗanda ba su kai ƙaramin ɗanta ba. Ta ɗaga sama ta harba.

Kwanon baranda ya yi ƙara kamar an kifar da tirela. Tsatsa da ƙura suka zubo mata a ka. Kafin ta buɗe ido sun haura katanga, ɗaya ya bar silifas ɗinsa. Rana ta shigo ta hujojin ta zuba a ƙasa kamar an watsa gero.

'Yan sanda suka zo suka duba lasisi, suka ɗauki ƙarfen da silifas, suka tafi. Chukwuma ya kira ta a shagon waya yana murna.

"Kin gani, Mama? Ba na faɗa miki ba? Ta yi aikinta."

"Ita suka zo ɗauka, Chukwuma. Da babu ita da ina coci."

"Da babu ita da sun kwashe gidan."

"Da sun kwashe talabijin. Talabijin ba ya kashe kowa."

Bai ji ba, ita ma ba ta ja ba, don kuɗin waya na tafiya. Kwanon kuwa ta bar shi yadda yake. Damina ta sauka, ruwa ya riƙa tsiyaya a baranda, 'yan haya suna tara bokiti suna gunaguni. Malama Biriskila ta ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma su ba su saya ba, haya suke biya. Obiageli ta ce a yi haƙuri. Gaskiyar ita ce ba ta san ko za ta kai wata daminar a gidan ba, kuma ba ta ga amfanin yi wa mai saye sabon rufi ba.

Mafita ta zo ne ranar da Modu ya ce ta kawo bindigar bayan shago ya nuna mata yadda ake goge ta, tun da an harba. Ta kawo ta a naɗe cikin bandir ɗin yadi. Yana hira ya ɓalle ɗan katakon da ke ƙasa, sai ga bakin ya rabu da gindin, ya ajiye su daban-daban a kan dila.

Ta ce, "Tsaya. Dama rabuwa take yi?"

"In ba ta rabu ba ta yaya za a wanke ta?"

"In babu wannan dogon, sauran yana harbi?"

"Sai dai ki daka yaji da shi."

Ta ɗauki bakin ta juya shi. Tsawonsa bai kai yadi ba. Ta dubi Modu.

"Alhaji, Lahadi kana buɗe shago?"

"Ni da Lahadi me ya haɗa mu? Ina buɗewa mana."

"Juma'a nawa na yi maka gadi?"

"Kai, 'Yar Reluwe! Ashe ajiya kike yi, ba alheri ba."

Sai da ta koma wajen jami'in lasisi ta tambaya tukuna, don ba ta son abin da zai ja wa Modu magana. Ya ce shi dai abin da ya sani, kada ta bar kowa ya yi amfani da ita, kada kuma ta ɓata. Daga ranar tsarin ya zauna. Lahadi da safe takan raba bindigar, ta kulle gindin a akwati, ta naɗe bakin a ragowar ankon ƙungiya. Modu yana zaune a Rijiyar Lemo. Yakan ratso ta layinsu a Vespa ɗinsa, ta miƙa masa ta ce, "Ga amana," ya kai shago ya kulle a durowar da yake ajiye ciniki. In an tashi coci ta bi ta Kwari ta karɓa. Ta kuma koma bakin famfo, wajen mutanen da ta faɗa wa zancen farko, ta faɗa musu na biyu: duk wanda ya haura gidanta ranar Lahadi, katako zai tarar.

Ranar da ta koma coci ba ta yi wa kowa bayani ba. Ta zauna a bencinta, da lokacin waƙa ya yi ta ɗaga murya, mata suka amsa.

Chukwuma ya zo Kano da Kirsimeti. Ranar Lahadi ya fito yana ɗaura agogo, ya ga uwarsa tana miƙa wa wani dattijo mai rawani wani dogon ƙunshi. Ya gaishe shi da ladabi, domin Modu ya san shi tun yana yaro yana wasa a cikin dilolin Kwari. Da Vespa ta tafi ya tambaya, ta faɗa masa.

"Mama, ba haka muka yi ba. Cewa na yi bindiga tana gida."

"Tana gida duk lokacin da nake gida."

"Yanzu fa? In suka zo yanzu?"

"Yanzu ina za mu?"

"Coci."

"To wa za su tarar? Ka ce a sayo ta ta tsare ni. Ba ka ce ta tsare kujeru ba, ba ka kuma ce ni in tsare ta ba. Wata nawa ban ga cikin coci ba saboda abin da ka saya? In kana son ka kai ni Enugu, kawo motar. Amma ka sani ba ɓarawo ne ya kore ni ba, kai ne."

Ya ɗaga kai ya ga hujojin kwanon, ya ce ai wannan ma abin kunya ne, gidan uwarsa yana yoyo. Ta ce ya bar mata kwanonta. Suka tafi coci tare, ya zauna a wurin ubansa. Bayan an tashi shi ya raka ta Kwari. Modu ya miƙo ƙunshin yana cewa, "Ga 'yar uwarka, ba ta yi kuka ba." Chukwuma ya karɓa ya riƙe har gida. Da zai koma Enugu bai ce ya yarda ba, amma bai sake ta da zancen mota ba, kuma daga baya direban ya kawo labarin cewa ɗakin da aka gyara mata an zuba buhunan siminti a ciki.

Tun ranar da ta huda kwanon baranda ba ta sake harbawa ba. Gwangwanin madara yana nan kan kabad, babu abin da ya ragu a ciki. An sake shiga wani gida a layin, nata dai ba a dawo ba, kuma ba ta ce don bindigar ba ne ko don rashinta.

A makon jiya ta kira kafinta. Ya ce falle ɗaya za a canza, sauran suna da sauran rai. Ta ce a cire duka, a sa sabo mai kauri wanda zai daɗe. Ta tsaya a kansa har ya buga ƙusa ta ƙarshe. Fallen mai hujojin kuwa ta hana a jefar, ta sa an rufa wa akurkin kajinta da shi, ta ce su ma su sha iska.